Jacopetti da Prosperi: Masu kyamarar da aka tuhuma da kisa

A watan Disamba na 1964 mujallar L'Espresso, wadda ke fitowa mako-mako a birnin Rum, ta buga wani labari da ya tayar da ƙura a Italiya. Marubucin, Carlo Gregoretti, bai jima da dawowa daga Kwango ba, inda ya bi wasu 'yan ƙasarsu masu shirya fim da ke tafe cikin ayarin sojojin haya Turawa. Ya ce da idonsa ya ga an hango wasu samari uku daga ɓangaren 'yan tawaye a kan hanya, amma mai riƙe da bindigar bai yi harbi ba sai da ya jira mai kyamara ya gama shiri. Da aka ce an shirya, sai ya danna kunama, samarin suka faɗi, kyamara tana ɗauka. Mutumin da aka ɗora wa laifin shi ne Gualtiero Jacopetti, wanda a lokacin sunansa ya zagaye duniya. Masu gabatar da ƙara a Rum suka buɗe bincike a kan zargin hannu a kisan kai, alhali fim ɗin da ake magana a kansa ko tace shi ba a gama ba.

Jacopetti ɗan jarida ne tun asali. An haife shi a 1919 a garin Barga na lardin Tuskani, ya kafa wata mujalla mai suna Cronache a farkon shekarun 1950, daga baya ya koma shirya gajerun labaran majigi da ake nunawa a silima kafin babban fim. A nan ya ƙware a abin da ya zama tambarinsa: a jera hotuna biyu da ba su da dangantaka, a ɗora musu murya mai zolaya, mai kallo ya yi dariya ko ya ji ƙyama ba tare da ya tsaya tunani ba. Abokin tafiyarsa, Franco Prosperi, wani irin mutum ne daban. Masanin halittu ne, ya yi karatu a kan kifaye, ya saba da balaguro da ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku. Shi ya san yadda ake kai kaya da mutane cikin daji a kuma dawo da su. Jacopetti ke da baki da alƙalami, Prosperi ke da hanya.

Fim ɗinsu na farko, wanda suka yi tare da wani na uku, Paolo Cavara, shi ne Mondo Cane na 1962. Ba shi da jarumi, ba shi da labari. Yawo ne kawai daga wannan ƙasa zuwa waccan ana tsinto abin mamaki da abin ƙyama. Ga maƙabartar karnuka a Kalifoniya inda masu kuɗi ke kuka a kan kabari, sai a tsallaka Taiwan inda ake dafa kare a gidan abinci. Ga agwagin Strasbourg ana ɗura musu abinci ta mazurari don hantarsu ta kumbura, ga shanun Japan ana shayar da su giya ana yi musu tausa. Ga mutanen wani ƙauye a kudancin Italiya suna farfasa ƙafafunsu da gilashi ranar Juma'ar Ista, ga mashaya suna tangaɗi a titunan Hamburg da asuba. Aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes, ya kawo kuɗi ba kaɗan ba, kuma waƙar da Riz Ortolani da Nino Oliviero suka tsara masa, wadda aka sani da More, ta shiga takarar kyautar Oscar. Daga sunan wannan fim aka samo sunan wani rukunin fina-finai sukutum, mondo, waɗanda suka cika silimomin Turai da Amurka shekaru da dama.

Tun a nan alamu suka fara bayyana. Mai zanen nan na Faransa, Yves Klein, ya yarda an ɗauke shi yana aikinsa, yana zaton za a girmama fasaharsa. Da ya zauna a Cannes ya ga yadda aka mayar da shi abin dariya, ciwon zuciya ya buge shi, kuma bai cika wata guda ba ya rasu yana da shekara 34. A Mondo Cane 2 kuma, na 1963, an nuna wani malamin addinin Buda yana cinna wa kansa wuta a Saigon. Lamarin ya faru da gaske a waccan shekarar, amma abin da ke cikin fim ɗin ba shi ba ne, kwaikwayo ne aka shirya, kuma ba a gaya wa mai kallo ba. Sai bayan shekaru masu yawa suka amsa haka da bakinsu.

Da kuɗin attajirin mawallafi Angelo Rizzoli suka nufo Afirka, tare da mai ɗaukar hoto Antonio Climati, suka yi kusan shekara uku suna yawo. Lokacin ya yi musu daidai. Turawan mulkin mallaka na naɗe tabarmarsu, ana sauke tutoci ana ɗaga wasu. Sun ɗauki Kenya gab da samun 'yancin kai a Disamba 1963: shari'ar 'yan Mau Mau, Turawa manoma suna gwanjon gidaje da kayan ɗaki, har da masu tone ƙasusuwan iyayensu don su tafi da su. Sun ɗauki kisan namun daji da ba shi da kyan gani ko kaɗan, giwaye ana harbinsu, dorinar ruwa ana karkashe su garke guda, jakin dawa ana kayar da shi da igiyar da aka ɗaure tsakanin motoci biyu. Duk wannan cikin launi mai ɗaukar ido, da faffaɗan hoto, da kiɗan Ortolani mai sanyaya zuciya. Ko maƙiyinsu bai taɓa cewa Climati bai iya aikinsa ba.

Sai ga Zanzibar. Tsibirin ya karɓi 'yancinsa daga Ingila ranar 10 ga Disamba 1963 a ƙarƙashin Sarki Jamshid bin Abdullah. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu 1964, wani ɗan Uganda mai suna John Okello ya jagoranci wasu ɗaruruwan mutane suka fasa rumbunan makaman 'yan sanda, gwamnati ta faɗi cikin sa'o'i, Sarki ya tsere ta teku. Abin da ya biyo baya shi ne farautar Larabawa da Indiyawa a birni da ƙauyuka. An rufe tsibirin, babu ɗan jaridar da ke iya zagayawa. Jacopetti da Prosperi suna tsallaken ruwa a Tanganyika, suka yi hayar ƙaramin jirgin sama. Da suka yi yunƙurin sauka aka buɗe musu wuta, suka sake tashi. Daga sama suka ɗauki abin da suka ɗauka: dogon layin mutane cikin fararen riguna ana kora su da bindiga, manyan ramuka da gawarwaki a ciki, motar ɗaukar kaya maƙare da matattu, jama'a sun gudu har bakin teku sun shiga ruwa babu sauran wurin zuwa. Da suka dawo washegari, gawarwaki ne zube a kan yashin wurin. Mintuna kaɗan ne a cikin fim mai tsawon fiye da awa biyu, amma har yau ba a san wani hoton fim na wannan kisan ba in ba nasu ba.

Mako guda bayan haka sojojin Tanganyika suka yi bore a Darussalam. A nan ma suna wurin. An fasa gilashin motarsu, an jawo su waje, an jera su a jikin bango. Yadda suka ba da labarin, wani soja ne ya duba fasfo ɗinsu ya ce a ƙyale su, waɗannan ba Turawan da ake nema ba ne, 'yan Italiya ne. A cikin fim ɗin ana ganin Jacopetti da jini a fuska. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa Tanganyika ta rushe ke nan. Ba za a gaya masa cewa boren bai kai mako guda ba, ko cewa Julius Nyerere ya kira taron ƙasashen Afirka a Darussalam, aka turo bataliyar sojojin Nijeriya ta karɓi tsaron ƙasar daga hannun sojojin Ingila har aka horar da sabuwar runduna. Irin wannan labari ba ya sayar da tikiti.

Daga nan sai Kwango, a ƙarshen 1964. 'Yan tawayen Simba sun kama Stanleyville, wato Kisangani ta yau, tun watan Agusta, suna tsare da ɗaruruwan Turawa. Firaminista Moïse Tshombe ya ɗauko sojojin haya daga Afirka ta Kudu da Rodeshiya da Turai, kuma ranar 24 ga Nuwamba sojojin laima na Beljiyam suka diro daga jiragen Amurka. Masu fim ɗin sun bi wani rukunin sojojin haya zuwa garin Boende. An ga ana fasa akwatin kuɗi, ana wasoso, ana shan giya a kan gawa. An kuma ga an tsayar da wani mutum, wani Bature ya zaro ƙaramar bindiga ya harbe shi, kyamara tana kusa da shi ƙwarai. Mai sharhi ya ce mutumin ya ƙone yara ne a makaranta. Babu wanda ya ji ta bakinsa.

A kan wannan tafiya ce Gregoretti ya yi rubutunsa. Jacopetti ya musanta, ya ce su dai sun tarar da abu yana faruwa sun ɗauka, ya gabatar da takardu da shaidu, daga ƙarshe hukumomin shari'a suka wanke shi. Ba ni da hujjar cewa sun yi kuskure. Sai dai tambayar da kotu ta amsa ƙarama ce: shin shi ya ba da umarnin harbi? Babbar tambayar tana nan. Sojan haya da ya san ana ɗaukarsa, wanda ya kwana ya tashi da masu kyamarar, ya ci abinci tare da su, yana so ya fito a silima a matsayin namijin duniya, shin zai yi abin da zai yi ne daidai da in babu kowa? Paolo Cavara, wanda ya raba gari da su tun kafin wannan tafiya, ya ba da tasa amsar a 1967 da wani fim mai suna L'occhio selvaggio, labarin wani darakta da ke jefa mutane cikin bala'i don ya samu hoto. Kowa a Italiya ya gane da wa ake.

Africa Addio, wato bankwana da Afirka, ya fito a 1966. A Italiya jama'a sun yi tururuwa, har Rizzoli ya karɓi kyautar David di Donatello a kansa. Abin da ya fusata 'yan Afirka ba jinin ba ne kaɗai, muryar da ke bisa hotunan ce. Ta kwatanta nahiyar da jaririn da Turai ta yasar tun bai isa yaye ba, ta yi ta zolayar sabbin shugabanni da sabbin sojoji, ta yi jimamin lambunan Turawa da filayen wasansu da suka lalace. Mulkin mallakar da ya haifi rikicin Kwango, da kisan Patrice Lumumba, da sansanonin da Ingila ta tsare dubban Kikuyu a cikinsu, duk ba su samu wani wuri na kirki ba. Da fim ɗin ya isa Afirka ta Kudu ta mulkin wariyar launin fata kuwa, sai hoto ya yi haske, ga 'yan mata Turawa suna tsalle a bakin teku, ga zinariya, ga tsari. Wanda bai san komai ba zai ɗauka can ce kaɗai ƙasar da ta tsira.

A Jamus ta Yamma hukumar da ke auna darajar fina-finai ta ba shi shaidar cewa fim ne mai ƙima, abin da ke rage masa haraji. A farkon Agusta 1966 ɗaliban Afirka da ke karatu a Balin ta Yamma, tare da ɗaliban Jamus masu ra'ayin sauyi, suka shiga silimar Astor da ke titin Kurfürstendamm suka hana nuni. Cikin jagororinsu akwai wani ɗalibi ɗan Nijeriya, Adekunle Ajala, wanda daga baya ya rubuta littafi a kan haɗin kan Afirka. 'Yan sanda suka yi kame, zanga-zangar ta ci gaba a waje, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye fim ɗin daga silimar. Masu nazarin boren ɗaliban Jamus na 1968 kan lissafa wannan cikin abubuwan da suka share masa fage. A Amurka, wani matashin mai sharhin fina-finai a Chicago, Roger Ebert, ya kira shi fim na rashin imani da rashin gaskiya da wariyar launi, ya kuma nuna wuraren da yake ganin shiri ne, kamar inda aka nuna Turawan Boer suna barin Kenya a kekunan shanu sai ka ce ƙarni na 19 ake ciki. A 1970 wani ɗan kasuwar fim, Jerry Gross, ya yanke kusan duk bayanin siyasar da ke ciki, ya bar jini zalla, ya sake masa suna Africa Blood and Guts. Jacopetti da Prosperi suka ce ba su san wannan ba, an ɓata musu aiki.

Kalmar wariyar launi ta yi musu ciwo, suka ƙudura sai sun wanke kansu. Hanyar da suka zaɓa ce abin mamaki. Suka ce za su yi fim a kan bautar da baƙaƙen fata a Amurka, su nuna muninta yadda ba a taɓa nunawa ba. Dabarar Addio Zio Tom na 1971 ita ce, wai masu ɗaukar fim na zamani sun sauka da jirgi mai saukar ungulu a wata gonar auduga ta kudancin Amurka kafin yaƙin basasa, suna zagayawa da kyamara suna yi wa iyayengiji da dillalan bayi tambayoyi. Sun ce komai daga takardun tarihi suka ɗauko shi, kuma akwai mutanen gaske a ciki, kamar marubuciya Harriet Beecher Stowe da likitan nan Samuel Cartwright, wanda ya ce gudun da bawa ke yi daga ubangidansa wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa.

To amma a ina za a samu ɗaruruwan baƙaƙen fata da za su yarda a tuɓe su tsirara, a sa musu mari, a cusa su a cikin jirgin ruwa kamar kaya? A Amurkar 1970, zamanin 'yan Black Panther, babu. Sai suka tafi Haiti, wurin François Duvalier, wanda ake kira Papa Doc, mai mulkin kama-karya da 'yan bangarsa Tonton Macoute. Ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba su motocin gwamnati da izinin ɗaukar hoto duk inda suka ga dama, da mutane iya yawan da suke so, yana kuma cin abinci tare da su a fadarsa. Haiti ita ce ƙasar da bayi suka yi tawaye suka kori Faransa suka kafa ƙasa mai 'yancin kanta a 1804. Jikokin waɗannan mutane ne, talakawa da ba su da bakin cewa a'a a ƙarƙashin Duvalier, aka kwantar a cikin ƙazanta, aka ɗura musu abinci da ƙarfi, aka wanke su a kwatami kamar dabbobi, aka jera mata da yara ƙanana tsirara kyamara tana bin jikinsu a hankali. Bulalar ta wasa ce, amma tsiraicin da wulaƙancin na gaske ne. Akwai wani wuri da ya shafi yarinya ƙarama da ba zan bayyana shi a nan ba. Sama da duk wannan, Ortolani ya ɗora wata waƙar soyayya mai daɗi, Oh My Love, da muryar matarsa Katyna Ranieri, wadda matasa da yawa suka sani ta fim ɗin Drive na 2011 ba tare da sanin inda ta fito ba.

Fim ɗin ya ƙare da wani baƙar fata na zamani zaune a bakin teku yana karanta littafin William Styron a kan tawayen Nat Turner, yana raya yadda zai shiga gidajen Turawa da gatari. Saboda haka babu ɓangaren da ya gode musu. Pauline Kael ta mujallar New Yorker ta ce ingiza yaƙin launin fata ne ƙarara. Ebert ya ce bai taɓa ganin cin mutuncin bil'adama da aka lulluɓe da sunan fim na gaskiya kamar wannan ba. A Italiya hukuma ta sa aka janye shi, sai da aka sake tace shi aka sake masa suna. Masu rarraba shi a Amurka kuma suka cire hotunan zanga-zangar zamani don tsoron tarzoma. Akwai masu kare shi har gobe, suna cewa babu fim ɗin da ya nuna bauta a matsayin sana'a, da lissafinta da kiwonta da ribarta, kamar shi, kuma Hollywood ta daɗe tana shafa wa abin mai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma ban ga yadda za a yi ta ba tare da an tsallake mutanen Haiti da ke cikin hoton ba, kuma masu yin ta tsallakewar suke yi.

Bayan wannan sun yi fim ɗaya tak tare, Mondo Candido na 1975, suka rabu ba da daɗi ba. Climati ya ci gaba da irin sana'ar da wasu abokan. Ruggero Deodato ya ɗauki labarin masu fim da ke haddasa ta'asa don kyamara ya gina Cannibal Holocaust a 1980, ya kuma kira Ortolani ya yi masa kiɗa. A 2003 wani Bature, David Gregory, ya zaunar da tsofaffin biyu, kowa daban, a fim ɗin hira mai suna The Godfathers of Mondo. Ba su janye komai ba. Sun tsaya a kan cewa in ban da abin da suka amsa na Mondo Cane 2, duk abin da suka nuna haka ya faru. Jacopetti ya rasu a Rum a watan Agusta 2011, saura 'yan makonni ya cika shekara 92.

Waɗanda suka fi cutuwa da halinsu, a ganina, mutanen Zanzibar ne. Alƙaluman waɗanda aka kashe a Janairu 1964 sun fara daga ɗaruruwa sun kai har dubu 20, gwargwadon wanda ka tambaya, kuma babu wata ƙidaya da kowa ya yarda da ita. Gwamnatin tsibirin tana bikin 12 ga Janairu kowace shekara a matsayin ranar juyin juya hali. Iyalan da suka tsere zuwa Oman da Dubai da Ingila suna da nasu labarin, kuma in aka ce su kawo hujja, waɗannan mintuna na Africa Addio suke nunawa, waɗanda yanzu aka yanko su suna yawo a YouTube. Mai musu kuma ba ya shan wahala: sai ya tuna maka malamin Buda na bogi da kekunan shanun Boer, ya ce mutanen da suka shirya waɗancan me zai hana su shirya wannan. Masana tarihi da dama sun karkata ga cewa hotunan na gaske ne, ko da ana jayayya a kan wuraren da aka ɗauke su da yawan gawarwakin da mai sharhi ya faɗa.